Sabobi uku sun ƙi tashi bayan ƙaura daga ESXi zuwa Proxmox

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta tsaya mini a wurin aiki. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin garin Gombe, kuma hukumar makarantar ta yanke shawarar kwashe sabobinmu (kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) na kwaikwayo, waɗanda muka fi kira VM, daga tsohuwar na'ura mai ɗauke da VMware ESXi zuwa sabuwa wadda muka ɗora wa Proxmox VE, duka biyun haifabaiza ne, wato manhajar da ke tafiyar da VM a kan na'ura. Sabobin guda uku ne. Ta farko CentOS 7 ce, ita ke riƙe da shafin duba sakamakon jarabawa. Ta biyu Windows Server 2019 ce, a kanta manhajar lissafin kuɗin makaranta take. Ta uku Debian 12 ce, inda malamai ke ajiye fayilolinsu.

Na kashe kowace saba, na kwafo fayilolin vmdk, wato faifan kowace VM, zuwa sabuwar na'ura, na ƙirƙiri sababbin VM da umarnin `qm create`, sannan na shigar da faifan da `qm importdisk`. Shigarwar ta ƙare lafiya, amma ko ɗaya cikinsu ba ta kai ga allon shiga ba. Debian tana rubuta `No bootable device` tana ta sake kunna kanta. CentOS tana nuna jerin GRUB, ta fara tashi, ta tsaya tsawon lokaci, sannan ta fito da `dracut-initqueue timeout` tare da gargaɗin cewa babu `/dev/mapper/centos-root`. Windows kuwa shuɗin allo take bayarwa mai ɗauke da `INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE`. Shin faifan ne suka lalace wajen kwafi, ko akwai wani abin da ya kamata in duba? Iyaye sun fara tambayar sakamakon yaransu.

Injiniyan Yelwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, tsohuwar na'urar tana nan da sabobin a cikinta? Idan tana nan, kada a goge komai a kanta, kada kuma a ba wani ita ya ɗora mata wani abu, har sai sababbin sun yi aiki na tsawon lokacin da hankali zai kwanta.

Ban ga alamar lalacewar faifai ba a cikin abin da ka rubuta. Saƙonni uku daban ka samu, kuma kowanne yana nuna matakin da tashin ya tsaya. Idan aka kunna kwamfuta, BIOS ko UEFI ne ke fara aiki ya nemo faifan da za a tashi daga gare shi. Daga nan ya miƙa wa GRUB ko manajan tashi na Windows, shi kuma ya ɗauko kanel, wato zuciyar tsarin aiki, kanel ɗin ya nemi direban da zai iya magana da kwantirolar faifai, sannan a haɗa sauran ɓangarorin faifan, netwok ya zo a ƙarshe. Debian ɗinka ta tsaya a matakin farko. CentOS da Windows sun wuce mataki na farko da na biyu, wanda hakan kansa shaida ne cewa ana iya karanta faifansu, sai suka maƙale a wurin direba. Tsarin aikin da ke cikin faifan bai canja ba, kayan da yake gani a kewayensa ne suka canja, kamar wanda ya tashi daga gida ya koma sabo amma makullan tsohon gidan ne a aljihunsa.

Ka buɗe fayil ɗin vmx, wato mai ɗauke da saitunan VM, na kowace saba a tsohuwar na'ura, ka turo mana layukan da suka fara da `firmware`, `scsi0.virtualDev` da `ethernet0.virtualDev`. Ka kuma turo abin da `qm config` ya nuna a ɓangaren Proxmox.

Ɗan Jekadafari:
Tana nan, Injiniya, ban taɓa ta ba. A vmx na Debian da na Windows akwai `firmware = "efi"`, na CentOS babu wannan layin gaba ɗaya. Kwantirola `pvscsi` ce a CentOS da Debian, `lsisas1068` a Windows. Katin netwok `vmxnet3` ne a duka ukun. A Proxmox na sa wa dukansu VirtIO SCSI. Windows na riga na sa mata OVMF, wato UEFI na Proxmox, tun farko, sauran biyun suna kan SeaBIOS, wato BIOS ɗinsa.

'Yar Wunti:
To, ta Debian ta fito fili. An girka ta ne a ƙarƙashin UEFI, saboda haka faifanta ba shi da lambar tashi a sashen farko irin wadda SeaBIOS ke nema. Abin da take da shi ƙaramin ɓangare ne na EFI mai tsarin FAT, wanda OVMF ne zai iya karantawa ya tashi daga gare shi. Ka kashe VM ɗin, ka canja BIOS zuwa OVMF, ka ƙara mata faifan EFI, wato ɗan ƙaramin faifan da Proxmox ke ajiye saitunan UEFI a ciki. In ba ka ƙara shi ba, duk gyaran da ka yi a jerin tashi zai ɓace da zarar an kashe na'urar.

Ka kuma duba jerin tashi a sashen Options. Faifan da aka shigar da `qm importdisk` yana fitowa ne a matsayin wanda ba a amfani da shi, kuma ko bayan an maƙala shi ba lallai ne ya shiga jerin da kansa ba, sai an sa masa alama. Mutane da yawa sun ɓata yini guda suna neman matsala a cikin faifai alhali VM ɗin daga katin netwok take ƙoƙarin tashi.

Ɗan Jekadafari:
Na gode, Hajiya. Na canja zuwa OVMF, na ƙara faifan EFI, faifan kuma yana saman jerin. Saƙon farko ya ɓace, amma yanzu tana sauke ni a wani baƙin allo mai rubutun `Shell>`.

'Yar Wunti:
Wannan ci gaba ne. UEFI ba ya tashi daga faifai kai tsaye yadda BIOS ke yi. Yana da jerin sunaye a ma'ajiyarsa ta NVRAM, kowane suna yana nuni da wani fayil a ɓangaren EFI. Jerin da Debian ta rubuta lokacin girki yana cikin fayil ɗin nvram na VMware, wanda bai biyo faifan ba, kuma ko ka kwafo shi OVMF ba zai karanta shi ba. Idan jerin babu komai, UEFI kan nemi fayil guda a sananniyar hanya, `\EFI\BOOT\BOOTX64.EFI`. Windows da Ubuntu suna ajiye kwafi a wurin, shi ya sa Windows ɗinka ta wuce wannan matakin ba tare da ka yi komai ba, amma Debian ba ta ajiyewa sai an nemi hakan.

A wannan allon ka rubuta `FS0:`, sannan `\EFI\debian\grubx64.efi`. Idan faifan EFI da ka ƙara yana ɗauke da makullan Secure Boot, `shimx64.efi` za ka kira a maimakonsa, yana cikin folda ɗaya. Da ta tashi ka shiga, ka gudanar da `grub-install`, wanda zai rubuta sunan Debian a sabuwar ma'ajiyar, ka tabbatar da `efibootmgr -v`. Ni kan ƙara da `dpkg-reconfigure grub-efi-amd64`, in amsa eh a tambayar da ake yi kan ajiye kwafi a hanyar da na ambata, domin ranar da za a sake ɗaukar faifan zuwa wani wuri ya tashi da kansa.

Ɗalibin Kashere:
Salamu alaikum, malamaina. Ni ɗalibi ne, ina bin wannan tattaunawa da sha'awa. Hajiya, idan mutum ba shi da fayil ɗin vmx, faifai kawai aka ba shi, ta yaya zai gane ko na UEFI ne ko na BIOS?

'Yar Wunti:
Ka tashi VM ɗin da kowane faifan ISO na Linux, ka duba faifan da `fdisk -l`. Idan ka ga tsarin GPT tare da ƙaramin ɓangare mai suna EFI System, to na UEFI ne. Idan tsarin dos ne, ko GPT ne amma da ɗan ƙaramin ɓangare mai suna BIOS boot, na BIOS ne. A na'urar da ke aiki kuwa, kasancewar folda `/sys/firmware/efi` ta isa amsa.

Dattijon Azare:
Bari in ɗauki ta CentOS, tun da na daɗe ina fama da iyalan Red Hat. Kanel ba ya ɗauke da dukan direbobi a jikinsa. GRUB yana ɗora shi tare da wani ƙunshi da ake kira initramfs, a cikinsa ne direbobin da ake buƙata domin isa ga ainihin faifan suke. A CentOS da RHEL da Rocky da AlmaLinux, dracut ne ke haɗa wannan ƙunshin, kuma bisa tsarinsa na asali yakan zuba direbobin kayan da ya gani a na'urar a lokacin haɗawa ne kawai. Naka an haɗa shi a kan VMware, saboda haka `vmw_pvscsi` ne a ciki, babu `virtio_scsi`. Kanel ya tashi bai ga faifai ko ɗaya ba, LVM, mai tsara ɓangarorin faifai, ba ta sami abin da za ta kunna ba, shi ya sa aka ce maka babu `centos-root`. Debian ba za ta ba ka wannan wahalar ba, domin nata ƙunshin yana ɗaukar yawancin direbobin faifai tun asali.

Maganin yana cikin jerin GRUB da kake gani. Ka sauka zuwa layin ƙarshe mai ɗauke da `0-rescue`. Ƙunshin wannan layin na gama-gari ne, an haɗa shi lokacin girki da direbobi masu yawa. Idan ta tashi da shi, ka shiga a matsayin root ka gudanar da `dracut -f --regenerate-all`. Kada ka tsaya a `dracut -f` kaɗai, ɗana, domin wannan zai gyara ƙunshin kanel ɗin da ke aiki a lokacin ne, wato tsohon kanel na ranar girki, ya bar wanda kake tashi da shi kullum yadda yake. Bayan ya gama, ka duba da `lsinitrd` ka ga ko `virtio_scsi` ya shiga.

Kafin ka sake kunnawa ka leƙa `/etc/fstab`. Duk layin da ke kiran faifai da suna irin `/dev/sdb1` ka maye gurbinsa da UUID da `blkid` zai ba ka, saboda jerin sunayen faifai na iya canjawa, kuma layi ɗaya da bai samu faifansa ba ya isa ya jefa na'ura cikin yanayin gaggawa.

Injiniyan Yelwa:
Bayanin Baba daidai ne, amma akwai hanyar da ta fi gajarta ga mutumin da iyaye ke tsaye a kansa. Proxmox yana da VMware PVSCSI a cikin jerin kwantirololinsa, yana kuma da vmxnet3 a jerin katunan netwok. Malam ya zaɓi PVSCSI kawai, CentOS za ta ga irin kayan da ta saba gani, ta tashi ba tare da an taɓa komai a cikinta ba.

Dattijon Azare:
Injiniya, za ta tashi, ban musa ba, kuma idan layin ceto ya ƙi aiki ni ma ita zan bi in samu shiga. Abin da ba na so shi ne a bar ta a haka. PVSCSI da ke cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kayan kwamfuta a Proxmox, kwaikwayo ne na kayan wani kamfani, an ajiye shi domin sauƙaƙa ƙaura irin wannan, amma VirtIO shi ne na gida a KVM, fasahar da Proxmox ke tafiyar da VM da ita, shi ne ake ba kulawa, shi ne kuma ya fi sauri. Na san halinmu: da zarar shafi ya buɗe, an tafi kenan, ba za a sake waiwayar na'urar ba sai ranar da wata matsala ta taso, lokacin kuma wanda ya yi aikin ya manta abin da ya yi. Umarni ɗaya ne fa, ba ya ɗaukar minti biyar.

Akwai kuma tarko a hanyarka. Idan ya tashi da PVSCSI ya gudanar da dracut yana zaton ya gyara, dracut zai sake ganin PVSCSI ne ya sake barin VirtIO a waje. A wannan yanayin dole ya faɗa masa ƙarara da `--add-drivers "virtio_pci virtio_scsi virtio_blk"`.

Injiniyan Yelwa:
Na karɓi maganar tarkon, Baba. A kan sauri kuwa, shafin sakamakon makaranta ɗaya ba zai ji bambancin ba. Amma tun da an zo nan, ni tambayata ta fi wannan girma: me ya sa ake ɗaukar CentOS 7 ana kai ta sabon wuri? Tallafinta ya ƙare tun ranar 30 ga Yuni, 2024, babu sauran gyaran tsaro da ke fitowa, ga shi kuma saba ce da ke fuskantar intanet tana riƙe da bayanan yaran mutane. Da ni ne, zan girka Rocky Linux 9 ko AlmaLinux 9 sabuwa fil a kan Proxmox, in kwaso rumbun bayanai da fayilolin shafin kawai. Ƙaura ita ce dama mafi kyau ta rabuwa da tsohon kaya.

'Yar Wunti:
Ina tare da kai a manufa, Injiniya, amma ba a wannan makon ba. CentOS 7 tana zuwa da PHP 5.4 da MariaDB 5.5, Rocky 9 kuwa da PHP 8 take farawa. Idan shafin makarantar an rubuta shi a zamanin PHP 5 yana amfani da tsofaffin umarnin `mysql_`, waɗanda aka cire tun daga PHP 7, ba zai buɗe ba ko kaɗan, kuma mai yiwuwa wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin garin. Canja haifabaiza aiki ne guda, canja tsarin aiki wani aikin ne daban. Idan aka haɗa su rana ɗaya wani abu ya lalace, ba za a san wanne ne ya jawo ba. A fara tayar da ita yadda take, a saki sakamako, sannan a gina sabuwar a gefenta a lokacin hutu.

Idan lokacin ya zo, Malam ya lura da abu ɗaya. Na ga da `qm create` yake ƙirƙirar VM. Wadda aka ƙirƙira ta shafin sarrafawa tun daga Proxmox 8 tana samun nau'in furosesa `x86-64-v2-AES`, amma ta layin umarni, in ba a faɗi nau'i ba, `kvm64` take samu. Iyalan RHEL 9 suna buƙatar matakin x86-64-v2, kuma a kan `kvm64` sukan mutu tun farkon tashi da saƙon `Fatal glibc error: CPU does not support x86-64-v2`. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka matsalar faifai ce. Tun da na'ura ɗaya ce gare shi, ba ya kai VM daga wata zuwa wata tana aiki, nau'in `host` ma ya dace da shi.

Ɗan Jekadafari:
Alhamdulillah, biyu sun tashi. Debian ta bi yadda Hajiya ta faɗa. CentOS ta tashi da layin ceto, na gudanar da umarnin Baba, yanzu tana tashi da kanta a kan VirtIO SCSI. Maganar Hajiya kan PHP gaskiya ce, shafin tsoho ne, zan kai wa hukumar makaranta batun sabunta shi. Sai dai duka biyun ba sa ganin netwok, Windows kuma tana nan a shuɗin allonta.

Injiniyan Yelwa:
Netwok ɗin suna ne ya canja. Katin vmxnet3 yakan fito da suna `ens192` ko `ens160`, na VirtIO a Proxmox yakan zama `ens18`, ko `enp6s18` idan nau'in na'urar q35 ne. Ka duba da `ip link`. A Debian ka gyara sunan a `/etc/network/interfaces`. A CentOS ka shiga `/etc/sysconfig/network-scripts`, ka sauya sunan fayil ɗin ifcfg da layukan NAME da DEVICE, ka cire layin HWADDR idan akwai, domin adireshin MAC ma sabo ne. Ka cire `open-vm-tools` ka sa `qemu-guest-agent`. Ka kuma tabbata tsofaffin sabobin a kashe suke kafin sababbin su ɗauki adireshin IP ɗinsu.

Windows cutarta ɗaya da ta CentOS, lambar kuskuren 0x7B ce, tana nufin ta rasa direban da zai kai ta ga faifan da ta tashi daga gare shi. Windows ba ta zuwa da direban VirtIO, amma tana da na SATA a cikinta. Ka cire faifan daga SCSI ka sake maƙala shi a matsayin SATA, ka mayar da shi cikin jerin tashi, domin sunansa ya canja daga scsi0 zuwa sata0. Da ta tashi, ka saka mata faifan ISO na virtio-win wanda aikin Fedora ke fitarwa, ka girka direbobin.

Ɗalibin Kashere:
Ranka ya daɗe, ni na gwada wannan a kwamfutata da Windows 10. Na girka dukan direbobin virtio-win, na mayar da faifan SCSI, shuɗin allon ya dawo. Mene ne dalili?

Dattijon Azare:
Dalilin shi ne girka direba daban, sanya shi cikin waɗanda ake ɗorawa tun farkon tashi daban. Windows ba ta ɗaga direban faifai zuwa wannan matsayin sai ta ga na'urar da ke buƙatarsa a maƙale. Abin da ake yi shi ne a bar babban faifan a SATA, a ƙara wani ɗan ƙarami, ko na gigabait 1 ne, a kan VirtIO SCSI, a kunna. Windows za ta ga sabuwar kwantirola ta ɗora mata `vioscsi`. Idan ɗan faifan ya bayyana a Disk Management, sai a kashe, a cire shi, a mayar da babban zuwa SCSI. Wanda ba ya son wannan zagayen zai iya tashi da faifan girkin Windows ya cusa direban daga waje da `dism` da zaɓin `/add-driver`, amma hanyar ɗan faifan ta fi wuyar kuskure.

Malam na Jekadafari, abu biyu ka shirya musu. Adireshin IP da ka sa da hannu yana maƙale da tsohon katin vmxnet3 wanda yanzu ya ɓuya. Ka nuna ɓoyayyun na'urori a Device Manager ka cire shi, in ba haka ba Windows za ta yi ta gargaɗin cewa adireshin na wani kati ne. Sannan tana iya neman a sake kunna lasisinta saboda kayan sun canja. Ga masu BitLocker, makullin faifai na Windows, kuwa, kada a fara ƙaura sai makullin ceto mai lambobi 48 yana hannu, domin abin da ke cikin TPM na kwaikwayo, inda ake adana makullin, ba ya bin faifai.

Ɗan Jekadafari:
Windows ta tashi a SATA, na bi hanyar ɗan faifan, yanzu tana kan VirtIO SCSI. Netwok ya dawo a duka ukun, shafin sakamako ya buɗe. Amma wata sabuwa ta ɓullo wadda ta fi tayar mini da hankali. Ma'ajin makaranta ya shiga manhajar lissafi, ya ce bayanan sun tsaya a zangon da ya wuce, babu ko rasit ɗaya na wannan zangon. Ranar ƙarshe da muka kashe tsohuwar sabar kuwa komai yana nan.

'Yar Wunti:
Ka ce wa ma'aji ya dakata, kada ya shigar da komai a sabuwar. Ka buɗe foldar wannan VM a ma'ajiyar ESXi ka gaya mana ko akwai fayil mai lambobi a ƙarshen sunansa, irin `-000001.vmdk`, ka kuma duba wane fayil ne layin `scsi0:0.fileName` na vmx yake kira.

Ɗan Jekadafari:
Akwai shi, Hajiya, kuma shi ne vmx yake kira. Akwai wani babba a gefensa mai ƙarewa da `-sesparse.vmdk`. Ni ainihin vmdk da abokinsa mai `-flat` na shigar.

'Yar Wunti:
To, kuɗin makaranta ba su ɓata ba. An taɓa ɗaukar sinafshot, wato hoton yanayin faifai da za a iya komawa gare shi, a wannan sabar, wataƙila kafin wani sabuntawa, ba a kuma goge shi ba. Daga lokacin da aka ɗauka, ESXi ya daina rubutu a ainihin faifan, duk sabon abu yana shiga fayil ɗin bambanci ne, wato wannan mai lambobi. Abin da ka shigar shi ne sabar yadda take a ranar da aka ɗauki sinafshot, shi ya sa ta tashi lafiya ba ta nuna wani kuskure ba.

Ka fara kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani faifai na waje. Sannan, VM ɗin tana kashe, ka shiga sashen sinafshot ka zaɓi Delete All. Sunan yana tsoratarwa, amma abin da yake yi shi ne haɗe bambancin cikin ainihin faifan. Wanda za ka guje wa shi ne Revert, domin shi ne ke zubar da duk abin da aka rubuta bayan sinafshot. Ka tabbata akwai sauran wuri a ma'ajiyar, kuma na'urar tana kan inbata mai cikakken caji ko janareta, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar haɗewa ba abin wasa ba ne. Idan ya gama, vmx zai koma kiran ainihin fayil ɗin.

Tun da za ka sake kwafowa, ka kunna ta a ESXi sau ɗaya, ma'aji ya ga rasit ɗinsa da idonsa, ka cire VMware Tools tun tana can domin cire shi bayan ƙaura yakan ba da wahala, ka girka virtio-win, sannan ka kashe. Bayan kwafi ka gwada `sha256sum` na fayil ɗin flat a ɓangarorin biyu. Ka duba foldodin CentOS da Debian su ma, kada a ce irin wannan yana can ba a lura ba.

Injiniyan Yelwa:
A wannan karon ka gwada mayen (wizard, wato jagora mataki-mataki) shigo da VM daga ESXi wanda aka ƙara a Proxmox 8.2 a watan Afrilun 2024, bayan da Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023 ya mayar da lasisi na biyan kuɗi lokaci-lokaci, masu ƙaura suka yawaita. Ana ƙara ESXi ɗin a matsayin ma'ajiya, mayen ya karanta vmx da kansa, ya ɗauko nau'in BIOS da adadin furosesa da ƙwaƙwalwa. Da ka bi ta nan tun farko, da ba ka gamu da batun SeaBIOS ba.

Dattijon Azare:
Mayen yana da amfani, amma kada ɗalibinmu ya ɗauka yana warware komai. Saitunan waje yake ɗaukowa, ba ya shiga cikin faifai ya gyara initramfs ko ya cusa wa Windows direba. Wanda ke yin wannan shi ne `virt-v2v` na Red Hat. Ko da mayen, a haɗe sinafshot tukuna, kuma za a sake bin hanyar SATA da ɗan faifan.

Ɗan Jekadafari:
Haɗewar ta kammala, ma'aji ya ga rasit ɗin wannan zangon a tsohuwar sabar, na kuma sake shigo da ita ta mayen. Ta tashi a SATA, na mayar da ita VirtIO SCSI, bayanan sun cika. Foldodin CentOS da Debian babu fayil mai lambobi a cikinsu. Allah ya saka muku da alheri, Baba, Hajiya da Injiniya. Na tsara bakof na kowane dare zuwa wani faifai daban, tsohuwar na'urar kuma za ta zauna a kashe da kayanta har ƙarshen zango. Abin da ya rage shi ne Windows tana nuna saura kwanaki a sake kunna lasisinta, zan nemi takardun sayenta a ofishin ma'aji gobe in Allah ya kai mu.